Tambayar da Ban Yi wa Ƙanina Ba

(Kiɗan buɗe shiri, a rage shi a hankali)

Ina gaida mutanen cikin garin Zuru, da na Dabai da Rikoto da Senchi. Ina gaida na Ribah da Mahuta da Dirin Daji, da direban da ya kama mu a kan hanya, da uwargidan da ta ajiye rediyo kusa da murhu. Musulminmu da Kiristanmu, duk sannunku.

Zancen yau mai nauyi ne, irin wanda ake rage murya in za a yi shi. Zancen mutumin da rayuwa ta yi wa ƙunci har ya kashe kansa. In akwai yara kusa da rediyon, babba ya zauna tare da su. In kuma kai ne abin ya dama, wato kai ne kake kwana kana juya wannan tunani, ina roƙonka ka zauna da ni har ƙarshen shiri, akwai maganar da na ajiye maka.

Zan fara da gidanmu, don kada a ce ina faɗar abin da ban sani ba.

Ina da ƙane, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba zan kama sunansa ba saboda 'ya'yansa. Manomi ne na ji da gani, irin wanda in ya shiga kunya sai ka tausaya wa garma. Da 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, aka kore shanun nomansa, aka cinna wa rumbunansa wuta, ya kwaso matarsa da yara uku suka dawo cikin Zuru, na ba su ɗaki ɗaya a gidana. Mutumin da a da shi ke aiko mana da buhun dawa, ya koma jiran a auna masa mudu. Ya daina zuwa majalisa. Ya rame. Da tsakar dare in na fito, sai in same shi zaune a ƙofar ɗaki, ya zuba wa ƙasa ido.

Wata rana ya ce mini, "Yaya, ni fa na zame muku kaya. Da babu ni da kun huta." Kun san abin da na ce masa? Abin da kowa yake cewa. Na ce, "Haba, daina wannan magana. Yi haƙuri, kowa da tasa jarabawar." Ya ce, "Haka ne, Yaya." Ya yi shiru, ni kuma na ga kamar na yi wa'azi ya shiga.

A makon ƙarshe sai ya washe. Ya yi aski. Ya je ya biya mai shayi 'yan kuɗin da yake bin sa. Ya ba maƙwabcinmu garmar da ya tsira da ita. Ya shiga ɗakin tsohuwarmu ya durƙusa ya ce ta yafe masa duk abin da ya taɓa yi mata. Muka yi ta murna, muna cewa alhamdu lillahi, ya fara dawowa hayyacinsa. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To mu fuskar muka tambaya, ta kuwa yaudare mu. Ashe sallama yake yi. Ba mu tambayi bakinsa ba, ga shi kuwa bakin ya riga ya faɗa mini tun makonni kafin nan.

Da aka zo gaisuwa, muka ce gajeruwar rashin lafiya ce. Na san gidaje da yawa a ƙasar nan da suka faɗi wannan kalma, suka haɗiye sauran.

Da shekara ta zagayo, aka fara zancen dafa abincin sadaka. Sai matar marigayin ta ce, a dafa, amma ita tana son wani abu bayan wannan. Tana son a kira wanda ya san abin, ya zo ya gaya mana me ya kamata mu yi da ba mu yi ba. Muka samu wata ma'aikaciyar jinya da ta yi karatun lafiyar ƙwaƙwalwa. Muka shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro. Limamin unguwa ya zo, fasto ya zo, shugabar Zumuntar Mata ta zo da malamar Islamiyya, ga mai kemis, ga shugaban 'yan acaba, ga mai shagon maganin feshi. Wuni guda muka yi. Abin da na kwaso a gindin mangwaron nan, da abin da na bi na karanta daga baya, shi na kawo muku.

Abu na farko da ya girgiza ni shi ne yawan abin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya duk shekara. Ni da na ɗauka cutar Turawa ce, cutar waɗanda suka ƙoshi suka rasa abin yi. Ashe kashi 73 cikin 100 a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi ne, irin tamu. A tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29, ita ce ta uku a cikin abubuwan da suka fi kashe su. Kuma maza sun ninka mata fiye da sau biyu.

Wannan zancen na maza ya tsaya mini a rai, saboda na san irin tarbiyyar da muke yi wa ɗa namiji a ƙasar Zuru. Ƙasar golmo ce, inda saurayi ke shekaru yana noma wa surukai kafin a ba shi mata. Ƙasar kokawa ce. Ƙasar soja ce, da wuya ka shiga unguwa ba ka samu gidan tsohon soja ba. Muna alfahari da wannan, ni ma ina yi. Amma yaron da aka rena a kan cewa namiji ba ya kuka, namiji ba ya cewa wash, in ya girma abin duniya ya danne shi, wa zai gaya wa? Sai ya tuna cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, ya haɗiye. Amma ku tuna, ko golmon ma ba mutum ɗaya ke yin sa ba. Da sa'o'insa yake shiga gonar, in ya sare su ja masa kunyarsa. Kakanninmu ba su taɓa cewa jarumi ya yi noma shi kaɗai ba. Mu ne muka riƙe jarumtar muka yar da gayyar.

Ga kuma abin da ƙasar nan ta gani a 'yan shekarun nan. A watan Yunin 2021, 'yan sanda da kansu suka tabbatar da kashe mutum 88 a ƙauyukan Danko-Wasagu. A watan Maris na 2022 aka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, sama da 60 suka kwanta dama. Mun ƙirga gawarwaki, mun binne. Amma wa ya ƙirga waɗanda suka tsira suna gani? Matar da aka kashe mijinta a gabanta, saurayin da ya gudu ya bar abokinsa, uban da ya sayar da gona ya biya kuɗin fansa. Suna nan cikinmu, a kasuwa, a masallaci, a coci. Wasu sun koma ƙwaya ko burkutu don su samu barci, abin kuwa ƙara zurfafa ramin yake yi.

Yanzu ga abin da malamar jinyar nan ta fi nanatawa, wanda ya fi mana wuyar haɗiya. Ta ce in ka ga alamu, ka tambaya kai tsaye, da bakinka, ba kwana-kwana. Ka ja shi gefe, inda ba kowa, ka ce, "Na ga ka canza, kuma na ji abin da ka faɗa. Kana tunanin kashe kanka ne?"

Limamin ya ce, "Subhanallahi! Malama, ai sai ki sa masa abin a rai." Ni ma abin da ke zuciyata ke nan. Ta ce a'a. Daga baya na ga cewa a 2014 masu bincike a Landan sun tattara nazarce-nazarcen da aka yi a kan wannan tambaya, ba su samu inda ta ƙara wa mutum tunanin ba, sau da yawa ma rage shi take yi. Dalilin a bayyane yake in ka natsu. Wanda ba ya wannan tunani zai ce maka, "Haba dai, Allah Ya kiyaye," shi ke nan, ba ka yi asarar komai ba. Wanda kuwa yake yi, ya daɗe yana jiran wanda zai iya jin amsar bai gudu ba.

Alamun ba ɓoyayyu ba ne, sai dai sun saje da maganganunmu na yau da kullum. "Na gaji da duniya." "Gara in huta." "Ku kula mini da yara." Neman gafara ma al'adarmu ce, mai tafiya kasuwar Bena ma yakan ce a yafe shi. To ka dubi mai maganar. In wanda ya yi babbar asara ne, ko ya daina barci, ya daina ci, ya janye daga mutane, ya fara rabar da kayan da yake ji da su, sannan ya washe farat ɗaya ba tare da matsalarsa ta warware ba, wannan ba sauƙi ba ne, ƙararrawa ce. Haka mai jegon da ta wuce mako biyu tana kuka, ba ta son ɗaukar jaririn, tana cewa ita ba uwar kirki ba ce. Haka yarinyar da aka yi wa auren da ba ta so, ko wadda aka yaɗa hotonta a waya. Wanda kuma ya taɓa gwadawa sau ɗaya, shi ya fi kowa zama cikin haɗari, kada a ce wai neman a kula shi yake yi. In ma neman kulawar ce, to a kula shi mana.

In ya ce maka e, to a nan ake yin ta. Kada ka zabura. Kada ka fara da wuta da azaba, ya san wannan tun yana makarantar allo ko ajin Lahadi. Kada ka ce, "Dubi wane, ya fi ka shiga uku." Ka yi shiru ka saurara, ko awa guda ce. Haƙuri magani ne, ban musa ba. Amma "yi haƙuri" da na gaya wa ƙanina ba magani na ba shi ba, ƙofa na rufe, don ni kaina na ji tsoron abin da ke bayanta.

Faston ne ya kawo wani abu a zaman nan da ya sa limamin ya gyara zama. Ya tuna mana labarin annabi Iliya a Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 19, lokacin da ya gudu jeji ya zauna a gindin itace ya roƙi mutuwa. Ba tsawa aka yi masa ba. An bar shi ya yi barci, aka tashe shi aka ba shi abinci da ruwa, har sau biyu, sannan aka yi magana. Limamin ya ce, ai mu ma muna da irinsa a Suratu Maryam. Lokacin da naƙuda ta kama Nana Maryam ita kaɗai a gindin dabino, ta yi fatan da ma ta mutu kafin wannan rana, amsar da ta samu lallashi ce, da ruwan sha, da ɗanyen dabino. Duk addinan biyu sun haramta mutum ya kashe kansa, wannan ba a ja. Amma ku dubi yadda aka tarbi wanda ƙunci ya kai shi fatan mutuwa.

Tsohuwarmu ta daɗe tana tambayata ko ya halatta ta yi wa ɗanta addu'a. Limamin ya zaunar da ita ya ce mata mafi yawan malamai sun tafi a kan cewa ana yi wa Musulmin da ya mutu haka salla, ana roƙa masa gafara. Ya ba ta labarin da ke cikin Sahihu Muslim, na mutumin da ya yi hijira tare da Ɗufailu ɗan Amru, ciwo ya tsananta masa a Madina har ya yi wa kansa abin da ya zama ajalinsa, kuma Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya roƙa masa gafara. Ranar ce na ga ta ci abinci da kyau.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, bayan saurare sai aiki. Kada ka bar shi shi kaɗai a wannan dare. In ya ce ka rantse ba za ka gaya wa kowa ba, kada ka rantse. Ka ce masa, "Ba zan tona maka asiri a gari ba, amma sai mun samu mutum ɗaya da ka yarda da shi." Gara ya yi fushi da kai yana raye.

Sannan ka nisanta shi da abin da zai cutar da kansa. A nan ne mai shagon maganin feshi ya sunkuyar da kai. Mu manoma ne, kusan kowane gida akwai maganin ƙwari ko na ciyawa a ƙarƙashin gado, ko a kan taga kusa da man gyaɗa. Kusan ɗaya cikin biyar na irin wannan mutuwa a duniya ta nan take zuwa. Mutane sukan ce wanda ya yi niyya ai sai ya samu wata hanya. Ƙasar Siri Lanka ta ƙaryata wannan. Da ta hana shigo da magungunan feshi mafi dafi, yawan masu kashe kansu ya ragu da kusan kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, an ƙiyasta rayuka 93,000 ne suka tsira, noma kuma bai faɗi ba. Sirrin shi ne, wannan tunani kamar guguwa yake, yakan taso da ƙarfi na ɗan lokaci, ya lafa. In a lokacin da ya taso babu komai a kusa, mutum yakan wayi gari. A nan gida ma, hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da ƙananan kwalaben wani maganin ƙwari a 2019 saboda wannan dalili. Amma NAFDAC ba za ta shiga ɗakinka ba. Sayi kwaɗo, sa maganin a akwati, ajiye shi a wajen ɗakin kwana, makulli a hannun mutum ɗaya. Sayi daidai wanda za ka fesa. Mai bindigar farauta ko ta sa-kai, in akwai mai damuwa a gidan, ya kai ta ajiya wani wuri. In kuwa tsautsayi ya riga ya faru, kada a tsaya ɗura manja ko madara, kada a sa shi amai. A ɗauke shi da kwalbar a nufi asibiti nan take.

Zancen asibiti kuma, na san abin da ke ranku. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware, kusa da Sakkwato, tafiya ce mai cin kuɗin mota. Amma ba daga Kware ake farawa ba. A fara da babban asibitin Zuru, ko asibitin da ya fi kusa, a gaya wa likita gaskiyar magana, shi zai san ko a tura gaba. Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini, yana da magani, ana warkewa. A yi addu'a, a yi rukiyya, a kai wa fasto, amma a haɗa da asibiti. Ɗaure mutum da mari ko dukansa wai ana fitar da iska, wannan zalunci ne.

Kuɗin motar nan ya tuna mini da wani likitan ƙwaƙwalwa a Zimbabuwe, Dixon Chibanda. A 2005 wata matashiya da yake dubawa ta kashe kanta a garinsu. Da ya tambayi uwarta me ya hana su dawowa asibiti a Harare, ta ce ba su da kuɗin mota. Abin ya hana shi sukuni. A 2006 ya tara tsofaffin mata 14 a unguwar Mbare, ya koya musu yadda ake saurare da yadda ake taya mutum warware matsala ɗaya bayan ɗaya, ya ajiye musu benci a harabar ƙananan asibitoci. Ana kiran shirin Friendship Bench, wato bencin zumunci. Da aka gwada shi aka buga sakamakon a 2016, bayan wata shida, kashi 14 cikin 100 na waɗanda suka zauna a bencin ne ke da sauran alamun ciwon damuwa, a cikin waɗanda ba su zauna ba kuwa kashi 50. Kakanni ne fa, ba likitoci ba. To mu a Zuru tsofaffi muka rasa, ko benci?

Akwai wani ƙaya guda da ke hana mutane kai ɗan'uwansu asibiti, tsoron 'yan sanda. Dokar Penal Code da jihohin Arewa suka gada, a sashe na 231, ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara ɗaya ko tara ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Ingila, wadda ta bar mana irin wannan doka, ta soke tata tun 1961. Gana ta soke a 2023. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958, amma ba ta soke wancan hukunci ba. A ganina, mutumin da aka ceto daga bakin mutuwa gadon asibiti ya kamace shi, ba ɗakin kurkuku ba, kuma ina kira ga 'yan majalisarmu na Birnin Kebbi su dubi wannan sashe. Kafin nan, kada tsoron doka ya sa ka ɓoye mara lafiya a ɗaki. Rai ake ceto tukuna.

Tun 2003 duniya ta ware 10 ga Satumba don wannan faɗakarwa. Mu a gidanmu ranar rasuwar ƙanina muka ɗauka, duk shekara muna shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaron nan. Shugaban 'yan acaban da ya zo zaman farko ya gaya mini ya yi wa wani yaronsa tambayar nan, bakinsa na rawa. Yaron ya fashe da kuka ya ce e. Yau yana nan yana haya. Gidan da aka yi irin rashinmu, in kun ji za ku iya, ku ma ku kira ma'aikacin lafiya, ku tara mutum ashirin, ba sai da kuɗi ba. In ba za ku iya ba tukuna, ba laifi. Kuma ku sani ba ku kuka kashe shi ba. Maƙwabta, ku daina ƙaurace wa irin wannan gida, waɗanda aka bari ma suna cikin haɗari.

Saura kai da na ce ka jira ni. Kai da kake jin ka zame wa mutane kaya, ke da kike ganin in babu ke za a huta. Ni ne yayan da aka bari, ina gaya muku ba mu huta ba, ko kwana ɗaya. Ciwon ne ke gaya muku haka, kuma ciwon yana da magani. Yanzu da an rufe shirin nan, tashi ka je wurin mutum ɗaya, ko barci yake ka tashe shi, ka ce masa, "Ina tunanin kashe kaina, zauna da ni." In na farko ya ce maka yi haƙuri kawai, irin yadda na yi, kada ka koma ɗaki, je wurin na biyu. Gobe da safe ku tafi asibiti tare.

Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. A kulle maganin feshi kafin a kwanta. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)